Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'i Da Cibiyoyin Bincike Na Jihar Kaduna Kan Lafiyar Masu Kula Da Dabbobin Gwaji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, shugabannin jami'o'i da kwalejoji da daraktocin cibiyoyin bincike da ke faɗin Jihar Kaduna, tare da masu girma Kwamishinonin Lafiya da Muhalli, da shugabannin hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. Ina gaishe ku gaisuwar ban girma, da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, na yi ritaya, ina zaune a nan cikin garin Kaduna. Da yawun wasu bayin Allah na rubuto, waɗanda ba a taɓa ganin sunansu a kan takardar bincike: masu ba dabbobin gwaji abinci, masu wanke keji, masu shara, da mai tura baro ya kai abin da aka gama da shi bayan katanga. Na haɗa da 'ya'yanmu ɗaliban ajin ƙarshe, waɗanda ake miƙa wa ɓera da sirinji rana ɗaya a ce su je su yi furojet. Da yawa cikin ma'aikatan nan na wucin gadi ne. Wanda ya ɗaga murya yau, gobe sai a ce aiki ya yi sauƙi, ya je gida ya ɗan huta tukuna. Ni fansho nake ci, ba mai korata, shi ya sa suka ce in faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne rani ya kama, lokacin da zazzaɓin Lassa ke tashi, ɗalibai kuma sun fara jigilar fararen ɓeraye cikin kwali a bayan Keke Napep. Masu zuwa gaishe ni kuwa labari ɗaya suke kawowa: abin da na bari a lalace ranar da na ajiye aiki yana nan yadda na bar shi, wani wurin ma ya ƙara taɓarɓarewa.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A nan hedikwatar Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Ƙasa take, wadda Turawa suka kafa a 1947 domin Afirka ta Yamma baki ɗaya, ta koma hannun Najeriya a 1964. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962, da tsangayoyinta na likitan dabbobi da haɗa magunguna, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, ga ta fasahar sinadarai a Basawa, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004. Abin alfahari ne, kuma na ambace su ne don girmamawa. Abubuwan da zan zayyana na gan su ne a wuraren da ba zan kama suna ba, manya da ƙanana, har da 'yan ɗakunan da wasu ke kiwon ɓera a bayan gida suna sayar wa ɗalibai. Akwai masu ƙoƙari, na sani. Amma ƙoƙarin mutum ɗaya ne, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da abinsa.

Ranku ya daɗe, ga jigon kukanmu. Yau idan malami ko ɗalibi zai yi gwaji da dabba, a manyan makarantu sai ya cike fom ya kai wa kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Abu ne mai kyau, addini ma ya hore mu da tausaya wa dabba ko da yanka ta za a yi. Fom ɗin zai tambayi ɓera nawa, nauyinsu nawa, me za a ɗura musu, yaya za a kashe su ba tare da azaba ba. Da an sa hannu an buga hatimi, magana ta ƙare. Ba mai biyo baya ya tambayi wa zai kwashe shimfiɗar da ɓeran ya yi fitsari a kai, me ke hannunsa sa'ad da yake kwashewa, ina gawar za ta kwana. Ɓera ya samu kwamiti, mai wanke kejinsa bai samu ba.

Bari in fara da sinadarai, don su ne ake raina wa hankali. Ku shiga ɗakin feɗe ɓera a ranar da ɗalibai ke kammala gwaji. Za ku tarar da babbar kwalba mai murfi, an jiƙa auduga da kilorofom an jefa ciki, ana saka ɓera ɗaya bayan ɗaya har ya daina motsi. Duk buɗe murfi sai tururin ya bugi fuskar mai buɗewa da na kusa da shi. Tagogi a rufe saboda ƙurar hunturu, fankar zuƙe iska da ke jikin bango ta daɗe da mutuwa, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Kafin azahar kowa na dafe goshi. Sai ka ga yarinya ta fita ta zauna gindin dogonyaro tana haki, abokanta na cewa ai ba ta karya ba ne. Ba yunwa ba ce. Kilorofom yana taɓa hanta da ƙoda, kuma ƙa'idojin likitocin dabbobi na zamani sun daina amincewa da shi wajen kashe dabbar gwaji. Mu muna nan riƙe da shi don yana da araha. Inda ba shi ba, sai sinadarin eta, wanda tururinsa ke bin ƙasa ya nemi wuta, a ɗakin da soket ke tartsatsi duk lokacin da aka dawo da lantarki.

Sai fomalin, ruwan da ake tsoma hanta da ƙoda da 'ya'yan hanji don kada su ruɓe. Duk wanda ya taɓa aiki da shi ya san yadda yake sa ido hawaye da yaji a maƙogwaro. Tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa sinadarin da ke cikinsa a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam. Mu a nan da hannu tsirara ake tsamo nama daga cikinsa, in an gama a tuttule sauran a sinki a sake famfo. Zailin da ake wanke gilashin gwaji da shi, hanya ɗaya suke bi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne zuba sinadari a robar ruwan sha ba tare da rubutu ba, a ajiye kan taga. Kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mai shara ya gaya masa cewa haɗa bilic irin su Hypo da ruwan asid na wankin bayi, ko da abin da ke da amoniya, yana tayar da iska mai guba. Shi a ganinsa in ya haɗa biyu sun fi ƙarfi.

Na yi aiki da wani dattijo da kowa ke kira Baba, shi ke kula da ɗakin ɓeraye. Da asuba yake zuwa, ya zazzage garin katakon da aka shimfiɗa a kejuna, ƙura ta tashi ta lulluɓe shi, ya wanke, ya zuba sabo, ya raba abinci da ruwa. Safar hannu sau ɗaya ake ba shi a zango, in ta yage shi ke nan. Bayan 'yan shekaru ya fara atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja, daga baya ƙirji ya riƙa yi masa kuka da dare. Ya sha maganin sanyi, ya sha jiƙo. Abin lura, in ya tafi ƙauye hutun Sallah sai ya dawo garau, kwana biyu da komawa ɗakin sai abin ya dawo sabo. Na ce masa, “Baba, wannan fa ba sanyi ba ne, ɗakin nan ne.” Ya yi dariya ya ce, “Oga, ni da ɓera sai haƙuri, shi ke ciyar da ni.” Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo: furotin da ke cikin fitsarin ɓera yana bushewa a shimfiɗa, ya bi ƙura ya shiga huhu, ya fara da mura da ƙaiƙayi, ya ƙare da asma. Takunkumi mai kyau da iska mai ratsa ɗaki da jiƙa shimfiɗa kafin a kwashe suna rage shi ƙwarai. Baba ya bar aiki da asmarsa, kuma ba takarda ko ɗaya da ta nuna a bakin aiki ya samo ta.

Cizo da sukar allura kuwa ba a ma lissafa su. Ɓera ya ciji ɗalibi, ya matse jinin, ya goga sifirit, ya ci gaba. Allurar da aka ɗebi jinin dabba mai ɗauke da ƙwayar cuta ta kuɓuce ta soki yatsa, a yi shiru don kada malami ya ce an yi sakaci. Alhali akwai zazzaɓin cizon ɓera, akwai cutar da ke bin fitsarinsa ta shiga ta tsagar fata ta kama ƙoda, akwai nau'in ƙwayar sammore mai kama mutum ta sa ciwon barci, akwai bakkale ga masu aiki da shanu da tumaki, wanda ke zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa har a yi ta shan maganin maleriya a banza. Ku tambayi masu kula da dabbobinku su nawa aka yi wa allurar rigakafin tetanus, su nawa cikin masu taɓa karnuka aka yi wa ta haukan kare. Amsar ba za ta yi muku daɗi ba.

Tarihin Lassa kansa ya ishe mu. A 1969 aka gano cutar daga garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau, aka kai samfurin jami'ar Yel a Amurka. Babban masanin da ke aikin ya kamu, Allah Ya yi da sauran kwana ya tashi. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji a wurin, wanda ba a ma san ya taɓa samfurin kai tsaye ba, shi ne ya rasu, har aka dakatar da aikin a can. Shekara biyu kafin nan, a 1967, birai da aka kai Jamus da Yugoslabiya daga Yuganda suka sa wa masu feɗe su da sarrafa jininsu cutar Marbug, mutum 31 suka kamu, 7 suka mutu. Mu kuma ɓeran da ke ɗauke da Lassa ba daga wata ƙasa za a kawo mana shi ba, yana nan cikin unguwanninmu da gonakinmu. Ɗakin ajiyar abincin dabbobi mai ɓulallen silin da ƙofa mai rata a ƙasa gidan biki ne gare shi. Ga kuma ɗaliban da ake tura su kamo ɓerayen daji da tarko, su kawo su ɗaki ɗaya da na gwaji, su feɗe a teburi ɗaya.

Yanzu ga wanda ya shafi kowa da kowa, har wanda bai taɓa taka harabar jami'a ba: shara. A ƙa'ida, duk abin da ya taɓa ƙwayar cuta sai an turara shi a tukunyar tururi mai matsi, a zafin digiri 121, kafin ya bar ɗaki. Gawar dabba a sa a jaka mai alama, a ajiye a firiza, a kai injin ƙona shara mai zafin gaske. Allura da reza su shiga akwatinsu na musamman da ba a sake buɗewa. Wannan a takarda ke nan. A zahiri, tukunyar tana jiran wani ƙarfe da aka ce za a kawo daga Legas, firiza ta narke don an kwana biyu ba wuta kuma janareta na ofis ne, injin ƙonawa kuwa ya zama wurin da ƙadangaru ke shan hantsi. Sai a tara gawarwakin a baƙar leda, Baba ko magajinsa ya tura a baro zuwa wani rami bayan gini, ya yayyafa baƙin mai, ya ɗora tsohuwar taya, ya ƙyasta ashana ya tafi. Irin wannan wuta saman take lasa, cikin yana nan ɗanye. Da dare karnuka su tone, da safe yaran bola jari su zo tsintar roba da ƙarfe, da silifas a ƙafa, su tattara sirinji da allurarsa. Damina na zuwa ruwa ya share ragowar zuwa lambatu. Duk wanda ya san garin nan ya san inda lambatunmu ke ƙarewa, ya kuma san lambunan latas da alayyahu da kabeji da ke shan ruwa a gaɓar Kogin Kaduna.

Garin katakon da aka kwashe kuma ba ya ma kaiwa ramin. Masu lambu na zuwa da buhu su roƙa, don taki ne mai kyau, mai gadi ya ba su don Allah. Ba wanda ya gaya wa ɗayansu cewa ɓerayen wannan keji dalma aka yi ta ɗura musu, ko kadmiyom, ko maganin ƙwari, ko maganin kansa da ke fita ta fitsari kwanaki bayan an ba dabba. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin gubar dalma bayan abin da ya faru da ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ban ce abin da ke fita daga ɗakin ɓera ya kai na can ba, ko kusa. Amma wuta ba ta cin dalma, tana nan cikin toka, kuma kowace shekara sabon aji ke zuwa ya maimaita gwajin.

Akwai wata al'ada da kunya ke hana a faɗa: in an gama gwaji da zomaye ko kaji ko tumaki, waɗanda suka rage da rai a kan raba wa ƙananan ma'aikata a matsayin ihsani, wasu su ci, wasu su kai kasuwa. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba zai tsaya tambayar me aka ɗura wa zomo ba.

Kada a ce sai wurin da ke riƙe da manyan cututtuka ne abin tsoro. A 2007 a Ingila, cutar baki da kofato ta ɓarke a gonakin shanu kusa da cibiyar Pabirait, bincike ya gano ta tsagaggun bututun magudanar ruwa ta fita. A 2019 a birnin Lanjo na ƙasar Sin, masana'antar yin rigakafin bakkale ta yi amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya wuce wa'adinsa, iska ta ɗauki ƙwayar ta shiga gari, fiye da mutum 10,000 gwaji ya nuna ta shige su. Bututu da ba a gyara ba, da galan ɗin da ba a duba kwanan watansa ba. Su da ke da kuɗi ke nan. Mu kuma mun riga mun ɗanɗana abin da cutar dabba ke yi wa tattalin arziki: a wata gonar kaji da ke Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006. Waccan ba daga ɗakin gwaji ta fito ba, amma masu kiwon kaji ba su manta da yadda aka yi ta binne jarinsu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun bayan sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 aka yi dokar hukunta zubar da shara mai cutarwa. An kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, an yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya samu rauni ko ciwo a bakin aiki a 2010, an kafa hukumar kiyaye haɗarin fasahar halittu, NBMA, a 2015 aka kuma faɗaɗa ikonta a 2019. Littafin ƙa'idojin ɗakin gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na huɗu da ya fito a 2020, ya gina komai a kan auna haɗarin kowane aiki kafin a fara shi, a ɗauki matakin da ya dace da wurin. Sai dai duk wannan da Turanci yake, a cikin durowar ofis. Mai riƙe da tsintsiya ba a taɓa karanta masa layi ɗaya da harshen da yake ji ba, in an shirya bita kuma manyan malamai ke cika zauren otal su karɓi jaka da takardar shaida.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon kada kwamiti ya sake sa hannu a kan wani gwaji sai an rubuta ƙarara wane sinadari da wace ƙwayar cuta za a yi aiki da su, wa zai taɓa sharar, ina za a kai ta, kuma nawa aka ware mata. A ba mai kula da ɗakin dabbobi kujera a kwamitin, don shi ya san abin da ke faruwa bayan kowa ya tashi. Duk kuɗin bincike, na asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund ne ko na waje, a cire kason safar hannu da takunkumi da tabarau da takalmin roba da kwashe shara tun daga tushe, kafin a zo maganar tafiya taro.

A hana kilorofom da eta a ɗakunan dabbobi, likitocin dabbobi da kuke da su birjik su tsara abin da zai maye gurbinsu. A gyara fankokin zuƙe iska. Fomalin da zailin da aka gama da su a tara a jarkoki masu alama. Kowace kwalba ta samu rubutu da hoton gargaɗi, da Hausa da Turanci.

A yi wa duk mai taɓa dabba rigakafin da ya dace da aikinsa da gwajin lafiya lokacin ɗauka da kuma duk shekara, na dindindin ne ko na wucin gadi, don ɓera ba ya duba takardar ɗaukar aiki kafin ya yi cizo. A ajiye littafin rubuta cizo da suka da zubewar sinadari, da sharaɗin ba za a hukunta wanda ya kawo rahoto ba, a kuma liƙa sunan asibitin da za a garzaya a jikin ƙofa. Horo kuwa a yi shi a cikin ɗakin dabbobin, da Hausa, ana nunawa da hannu, kuma kada ɗalibi ya taɓa ɓera sai ya halarta.

Ga masu girma Kwamishinoni da KEPA: na san yawancin waɗannan cibiyoyi na Gwamnatin Tarayya ne, amma abin da ya tsallake katangarsu a ƙasar Kaduna yake sauka, kuma 'yan Kaduna ne ke kwasa. Ba kowace makaranta ce za ta iya riƙe injin ƙona shara ba. A samar da ingantacce guda a Kaduna, guda a Zariya, da motar da za ta riƙa zagayawa a ranakun da aka sani, kowace cibiya ta biya gwargwadon abin da ta kawo. A yi rajistar masu kiwon dabbobin gwaji suna sayarwa, a san inda suke da abin da suke yi da matattu. A haramta bayar da shimfiɗar keji a matsayin taki da raba dabbobin da aka yi gwaji da su, a rubuce, a kuma sanar da masu gadi. Firizar ajiye gawa a haɗa ta da sola, kuɗinta bai kai na labulen wani ofis ba.

Roƙo na ƙarshe bai buƙatar kasafi. Kowane shugaba cikinku ya zaɓi rana cikin wannan zango ya ziyarci ɗakin dabbobinsa ba tare da sanarwa ba, don in an sanar za a share, a fesa Izal, a aro fararen riguna. Ku zo da safe lokacin da ake zazzage keji. Ku ce a nuna muku akwatin allurai, da ranar da aka yi amfani da tukunyar tururi ta ƙarshe, sannan ku ce mai baro ya shige gaba ku bi shi har inda yake juyewa.

Wassalam. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Naku,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
a madadin masu kula da dabbobin gwaji da masu shara,
Kaduna.